Filashin zobe: Abin da ya kamata mai ɗaukar hoton kusa-kusa ya sani kafin ya saya

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗaukar hoton ƙananan rubutun da ke jikin kwalin magani, ko hatimin da aka buga a kan takardar kwangila, ko wani rauni a fatar mutum, ya san matsalar da ake fuskanta. Da zarar an matso da kyamara dab da abin, gilashin kyamarar da kansa yakan tare haske. Filashin da ke saman kyamara kuma yakan harba haskensa ya wuce ta saman abin, ko ya jefa inuwar gilashin a kansa. Ga ɗan jarida mai bincike, ma'aikacin lafiya ko masanin ƙwari, irin wannan hoto ba ya zama hujja, domin lamba ɗaya da ta dushe ta isa ta rushe bayanin da ake son tabbatarwa.

Filashin zobe shi ne kayan aikin da aka ƙera domin wannan matsala.

Mene ne shi, kuma daga ina ya samo asali?

Fitila ce mai siffar zobe da ake ɗaurawa a bakin gilashin kyamara, ta yadda haske zai fito daga kewayen gilashin ya sauka kai tsaye a kan abin da ake ɗauka. Ana danganta ƙirƙirarsa ga wani Ba'amurke mai suna Lester A. Dine, wanda ya samar da shi a 1952 domin ɗaukar hoton haƙora. Cikin baki wuri ne mai duhu da zurfi, kuma hasken da ya zo daga gefe leɓe ko kunci yakan tare shi. Daga asibitocin haƙori ne na'urar ta bazu zuwa aikin likitocin fata, binciken laifuka, nazarin tsirrai da ƙwari, har ma da hotunan ado.

Yawancin irinsa na yau kashi biyu ne. Akwai akwatin sarrafawa da ke zama a mazaunin filasha na saman kyamara, wanda batir ke cikinsa, sai kuma zoben da ke gaban gilashi, waya ta haɗa su.

Dalilin da ya sa hoton kusa ke cin haske

A hoton makro na gaskiya, wato ma'aunin 1:1, abu mai faɗin milimita 10 yana sauka a kan farantin ɗaukar hoton kyamara da faɗin milimita 10 daidai. A wannan kusanci abubuwa biyu ke faruwa.

Na farko, yankin da ke fita tar yana ƙuntata ƙwarai. A kyamara mai cikakken faranti, ko da an tsuke ƙofar haske zuwa f/16, zurfin abin da zai fita sarai bai wuce kimanin milimita 2 ba. Shi ya sa masu wannan aiki ke amfani da f/11, f/16 ko f/22, kuma kowane tsukewa yana rage hasken da ke shiga.

Na biyu, kusancin kansa yana cinye haske. A ma'aunin 1:1 ana asarar mataki biyu, wato f/16 yana aiki kamar f/32, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne kawai ke isa faranti. Idan aka dogara da hasken ɗaki, dole a bar kyamara a buɗe na tsawon lokaci, kuma ƙaramar rawar hannu ta isa ta ɓata hoton. Filashi yana magance wannan saboda walƙiyarsa gajeriya ce, sau da yawa ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, don haka tana daskarar da motsi.

Filashi ko fitilar LED?

Nan ne masu saye suka fi yin kuskure. Akwai zobba masu araha da yawa a kasuwa da aka jera wa ƙananan fitilun LED, wasu ma an rubuta musu sunan filashi a kwali. Fitilar LED tana ci ne a kai a kai, wanda ke da amfani ga bidiyo da kuma saita gani a cikin duhu. Amma haskenta bai kama ƙafar na bututun filashi na gaskiya ba, kuma ƙyaftawar da wasunsu ke yi ba ta da gajartar da za ta daskarar da motsi. Wanda zai ɗauki abin da ba ya motsi, da kyamara a kan ƙafafu uku, zai iya wadatuwa da LED. Wanda zai riƙe kyamara a hannu a f/16, a asibiti ko a tsakiyar kasuwa, filashi mai bututu yake buƙata.

Yadda ake karanta lambar ƙarfi

Ana auna ƙarfin filashi da lambar da ake taƙaitawa da GN, wadda ake samu ta hanyar ninka nisa da lambar ƙofar haske, yawanci a ISO 100 kuma da mita. Filashin Canon MR-14EX II, da Godox MF-R76, da Yongnuo YN14EX, da Sigma EM-140 DG duk suna da lamba 14, shi kuwa Nissin MF18 yana da 16. Idan aka raba 14 da 16, za a ga haskensa yana kaiwa kimanin santimita 87 a f/16. Ko da an lissafa asarar mataki biyu, ya rage kusan santimita 44. Gilashin makro mai milimita 100 kuwa yakan tsaya ne kimanin santimita 14 daga abin da ake ɗauka a ma'aunin 1:1. Wannan na nufin lamba 14 ta wadatar har da rara.

Saboda haka, abin da ya fi muhimmanci a duba shi ne yadda filashin ke iya rage ƙarfinsa. Wanda ke sauka zuwa 1/64 ko 1/128 ya fi amfani a kusa, domin yawan haske yana ƙone fararen wurare, ya shafe rubutu. A kuma lura da ma'aunin da aka rubuta lambar da shi: GN 46 da aka auna da ƙafa daidai yake da GN 14 a mita.

Bututu biyu da raba haske

Babban aibin filashin zobe shi ne amfanin nasa. Tun da haske na fitowa daga kowane ɓangare daidai, inuwa tana ɓacewa, kuma inuwa ce ke nuna wa ido tudu da kwari. Hoton yakan fito a shimfiɗe. Don haka ingantattun zobba suna ɗauke da bututu biyu, dama da hagu, waɗanda ake iya bambanta ƙarfinsu. A MR-14EX II ana iya karkatar da rabon daga 8:1 zuwa 1:8, ko a kashe ɓangare ɗaya gaba ɗaya. Zoben da ba ya ba da wannan dama ya rage wa mai shi rabin aikinsa.

Akwai kuma ɗan'uwansa, filashi mai kai biyu, irin su Canon MT-26EX-RT, da tsarin Nikon R1C1 mai ƙananan filashi SB-R200, da Godox MF12. A nan ƙananan fitilu biyu ne ake juyawa yadda ake so a kewayen gilashi. Ya fi fito da siffa da kaushin abu, amma ya fi buƙatar saiti da ƙwarewa. Ga rami mai zurfi kamar cikin baki, ko aikin da ake son hotuna su fito iri ɗaya kullum, zobe ya fi sauƙi. Ga ƙwari, kayan ado da tsabar kuɗi, mai kai biyu ya fi ba da sakamako.

TTL ko saitin hannu?

Tsarin TTL yana sa kyamara ta auna hasken da ya ratsa gilashi ta zaɓi ƙarfin filashi da kanta. Yana da amfani ga mai bin abin da ke motsi, inda nisa ke canzawa kowane lokaci. Sai dai kowane kamfani da harshensa: filashin TTL na Canon ba ya yin wannan aiki a kan Nikon ko Sony, kuma kamfanoni irin su Godox kan bambanta nau'o'insu da harafi a ƙarshen suna, C ko N ko S. Fari ƙal ko baƙi ƙirin kuma yakan ruɗi ma'aunin.

Saitin hannu ya fi araha, kuma ba shi da wahala kamar yadda ake zato. Muddin nisa da ƙofar haske ba su canza ba, ƙarfin da ya yi daidai a hoton farko zai yi daidai a na ɗari. Ga aikin kafa hujja, inda ake son a kwatanta hoto da hoto, wannan daidaito riba ce.

Dacewa da gilashi

Kafin a biya kuɗi, a duba faɗin bakin gilashi, wanda aka rubuta kusa da alamar ø, misali 52, 58, 62 ko 67. Zoben yana ɗaurewa ne ta wani ƙaramin zoben haɗi mai zare. Wasu kamfanoni na haɗo da jerin waɗannan zobba daga milimita 49 zuwa 77, wasu kuma sai an saya daban, kamar yadda gilashin Canon mai milimita 100 na ajin L ke buƙatar zoben haɗi na 67. Idan ramin filashin ya fi bakin gilashi ƙanƙanta, ko gilashin mai faɗin gani ne, kusurwoyin hoto za su yi duhu. Gilashin da bakinsa ke juyawa ko yake tsawaita yayin saita gani kuma bai dace da ɗaukar nauyin zobe ba.

Batir da yanayin aiki

Wasu na amfani da batir AA guda huɗu, wasu da batirin lithium na kamfaninsu, su kuwa SB-R200 na Nikon da CR123A, wanda ba a kowane shago ake samunsa ba. Ga wanda ke aiki a ƙauyukan da wutar lantarki ba ta da tabbas, AA yana da fifiko, domin ana samunsa ko'ina, kuma masu caji na NiMH sun fi saurin shirya filashi tsakanin hoto da hoto. Ƙaramar fitilar saita gani da ke jikin zobe ita ma abin dubawa ce, saboda a irin wannan kusanci kyamara takan rasa inda za ta kama.

Inda zobe ba ya amfani

Duk abu mai sheƙi, kamar ledar ƙwayar magani, katin shaida mai rufin roba, gilashi ko jiƙaƙƙen rauni, yana mayar da hasken zoben cikin kyamara a matsayin farin da'ira. Ana rage wannan ta hanyar ɗan karkatar da kyamara, ko sanya mayafin tausasa haske, ko amfani da matatar haske mai kashe ƙyalli a kan filashi da gilashi tare.

Haka nan, hatimi mai tudu, rubutun da ya dannu a takardar ƙasa, da wurin da aka kankare aka sake rubutu, duk ba sa bayyana sai da hasken da ya zo a kwance daga gefe. Masu binciken laifuka sun daɗe da sanin haka. A irin wannan hali, a cire zoben daga gilashi a riƙe shi a gefe, ko a kunna ɓangare ɗaya kawai. Bayan hoton ma yakan yi baƙi, saboda haske yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu a duk lokacin da nisa ya ninka.

Ƙa'idojin ɗaukar hoton hujja

Kayan aiki ba sa maye gurbin tsari. A fara da hoton nesa da ke nuna abin a muhallinsa, sannan na tsakiya, sannan na kusa. A ajiye ma'auni mai milimita a gefen abin, a daidai tsayinsa, a kuma riƙe kyamara a miƙe da shi domin kada girma ya karkace. A ɗauki lambar rajistar NAFDAC, lambar rukuni da ranar ƙarewar wa'adi a hotuna daban-daban idan magani ne. A adana ainihin fayil ɗin ba tare da gyara ba. Idan jikin mutum ne, a nemi izininsa, a bayyana masa inda hoton zai je, kuma a guji harba filashi dab da idanu, musamman na jarirai.

Wanda zai sayi na hannu ya gwada kowane bututu shi kaɗai, ya duba wayar da ke haɗa zobe da akwati, domin nan ne aka fi samun tsinkewa, ya kuma leƙa mazaunin batir ko akwai tsatsa. Mafi kyau shi ne ya tafi da kyamararsa da gilashinsa, da samfurin abin da zai riƙa ɗauka, ya yi hoto a f/16 a gaban mai sayarwa, ya faɗaɗa shi a allon kyamara ya ga ko ƙaramin rubutu yana karantuwa.