Hawan Dala ko Zagayen Ganuwa: Tarihin Wata Gardama a Gudun Fanfalaki

A cikin birnin Kano, mai atisaye da asuba yana da zaɓi biyu. Ko dai ya haura matakalar Dutsen Dala a guje, ya huta, ya sake hawa, ko kuma ya bi gefen ganuwa da sassarfa daga Ƙofar Nasarawa har Kabuga. To, wanne ne zai shirya ka ga gudun fanfalaki mai kilomita 42.195? Masu horarwa sun daɗe suna wannan gardama.

A shekarun 1930, wani koci a Jamus, Woldemar Gerschler, ya tsara gudun da ake yankawa gunduwa-gunduwa: ka zura da gudu har bugun zuciyarka ya kai kusan 180 a minti, ka sassauta ya sauko 120, sannan ka sake. Emil Zátopek na Cekoslobakiya ya rungumi irin wannan salo, yana maimaita mita 400 sau da yawa a rana guda. A gasar Olamfik ta 1952 a Helsinki, ya lashe mita 5,000 da 10,000 da kuma fanfalaki, wanda bai taɓa shiga ba kafin ranar.

Sai Arthur Lydiard na New Zealand ya zo da akasin haka: gudu a natse, kimanin kilomita 160 a mako, kafin a taɓa atisayen sauri. A Rum a 1960, ɗalibansa biyu suka ci zinare, wani ɗalibin nasa, Barry Magee, ya zo na uku a fanfalaki.

Ashe kowa da gaskiyarsa. Gudun sauri yana ƙara yawan iskar oksijin da jikinka ke iya sarrafawa. Dogon gudu kuwa yana yawaita ƙananan jijiyoyin jini a tsoka, ya koya mata ƙona kitse. Wannan ne zai cece ka wajen kilomita na 30, inda sukarin da jiki ya tara kan ƙare.

Da masani Stephen Seiler ya bibiyi atisayen zakaru, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 a natse suke yin sa.

Saboda haka, in kana fita sau biyar a mako, ba Dala rana ɗaya, sauran ka ba ganuwa, ɗaya daga ciki ta zama doguwar tafiya. Ma'aunin mai sauƙi ne: in haki ya hana ka amsa sallamar mai wucewa, ka yi sauri da yawa. Hawan Dala kullum, gwiwa ce za ta biya.