Gidan Liman a Larabanga da Malaman Fadar Gwanja

Larabanga ƙaramin gari ne a yamma da Tamale, kusa da Damango, hedkwatar Yankin Sabana wanda aka yanke daga Yankin Arewacin Ghana a shekarar 2019, kuma ta nan ake bi a shiga gandun dajin Mole. Yawancin masu zuwa garin farin masallacinsa na laka ne yake kawo su, sukan ɗauki hotonsa su wuce, alhali masallacin ɓangare ɗaya ne na wani gidan malanta, gidan zuriyar Kamara, wanda tarihinsa yake haɗe da na sarakunan Gwanja tun ƙarni na 17. Hausawa sun daɗe da sanin Gwanja a matsayin ƙasar goro, inda fatake daga Kano da Katsina suka riƙa sauke jakunansu a kasuwar Salaga, amma ba su cika sanin malaman da sarakunan ƙasar suka jingina da su ba.

Mahaya dawaki ne daga ƙasar Mali suka kafa daular Gwanja wajen tsakiyar ƙarni na 16, a arewa da Bego, kasuwar zinari da Wangarawa suke riƙe da ita. Masanin al'umma Jack Goody, wanda ya yi bincike a ƙasar, ya nuna cewa jama'arta ta kasu gida uku: Ngbanya, wato zuriyar masu sarauta, Karamo, wato Musulmi masu karatu da ciniki, da Nyamase, wato talakawan da mahayan suka tarar a wurin, waɗanda daga cikinsu ne ake samun masu kula da tsafin ƙasa. Sarki yana bukatar mai tsafin ƙasa da malami duka biyun, domin mai tsafin ƙasa ne yake da haƙƙin yanka saboda ruwan sama da amfanin gona, malami kuwa shi yake yi masa addu'a kafin yaƙi, ya rubuta masa wasiƙa, ya ƙirga masa watanni, ya raɗa wa 'ya'yansa suna, ya sallaci gawarsa.

Littafin tarihin ƙasar, wanda ake kira Kitab Ghanja, ya danganta asalin wannan alaƙa ga wani malami daga Bego mai suna Muhammadu al-Abyad, wanda labarin baka yake kira Fati Morukpe. An ce ya tarar da Sarki Manwura a fagen fama, ya taimake shi da addu'a har abokan gaba suka watse, sarkin ya musulunta. Zuriyar wannan malami su ne Sakpare, waɗanda suka riƙa ba da limamai ga fadodin Gwanja kamar Buipe da Kpembe. Abin lura shi ne ba su taɓa neman sarautar ba, ba su kuma ɗaga tutar jihadi a kan sarakunan da Musuluncinsu yake gauraye da al'adun gargajiya ba. Sun bi tafarkin da ake jinginawa ga Alhaji Salim Suwari, babban malamin Wangarawa, wanda ya koyar da cewa Musulmi zai iya zama lafiya a ƙarƙashin sarkin da bai cika sharuɗɗan addini ba, muddin an bar shi da ibadarsa da karatunsa, kuma kyakkyawan hali ne zai jawo mutane. Mai karatun da ya saba da tarihin jihadin Shehu Usmanu na 1804 zai iya ɗaukar wannan a matsayin sassauci, amma da wannan hanya ce karatun Larabci ya rayu ƙarnuka a tsakanin Gwanja da Dagwamba da Asante.

Gidan Larabanga yana da nasa labarin. Mutanen garin suna cewa kakansu, Ibrahim, wanda suke kira Yidan Braimah, malami ne da ya raka Ndewura Jakpa, babban mayaƙin da Gwanjawa suke ɗauka uban daularsu, a yaƙe-yaƙensa, kuma bayan rasuwar Jakpa sai ya jefa mashi, ya zauna a inda ya faɗi. A wurin ya zama liman, ya hayayyafa, aka binne shi a gindin kukar da take jikin masallacin har yau. Zuriyarsa suna riƙe da wani tsohon Alƙur'ani da suke cewa an saukar wa kakan nasu a shekarar 1650 saboda addu'arsa, ba a kuma fito da shi sai a sabuwar shekarar Musulunci, lokacin bikin wuta da Gwanjawa suke kira Jintigi, inda jama'a suke taruwa daga nesa domin sauraron karatu da karɓar addu'a. Garin yana da harshensa na kansa, Kamara, wanda ya fi kusa da Dagbanci fiye da harshen Gwanja, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tarihin gidan ya fi abin da ake gaya wa baƙi faɗi.

Akwai wata ruwayar da take cewa wani ɗan kasuwa mai suna Ayuba ne ya fara gina masallacin a 1421 bayan mafarkin da ya yi, kuma wannan shekara ce ake rubutawa a takardun yawon buɗe ido. Shekarar ta girmi daular Gwanja kanta da fiye da ƙarni guda, saboda haka da wuya ta dace da labarin Yidan Braimah da Jakpa, kuma masana da yawa sun fi karkata ga ƙarni na 17. Wannan bai rage wa wurin daraja ba, domin ginin laka ba shi da shekarar haihuwa guda ɗaya: damina tana cin bangonsa, jama'a suna sake yaɓe shi, har ya kasance ƙasar da take jikinsa yau ba ita ce ta farko ba. Tsufan da ya cancanci a yi alfahari da shi shi ne na limancin da bai yanke ba.

Ginin kansa ƙarami ne, kimanin mita 8 a kowane gefe, da hasumiya biyu masu tsini, ɗaya a kan mihrabi wajen gabas, ɗaya ta kiran salla, ga kuma ginshiƙai masu kauri da suke tallafe da bango daga waje da sandunan da suka leƙo ta jikinsa, waɗanda magina suke takawa lokacin yaɓe. Salon ginin Sudan ne, irin na Jenne da Tumbuktu, kuma yana da 'yan'uwa a Bole da Maluwe da Banda Nkwanta da Nakore, a kan tsohuwar hanyar Wangarawa. A shekarun 1970 aka shafe bangonsa da siminti da niyyar kare shi, sai simintin ya riƙe danshi a cikin laka, gara ta cinye itatuwan, har guguwa ta rushe wani sashe nasa a 2002. A wannan shekara ce Asusun Kula da Gine-ginen Tarihi na Duniya ya sa shi cikin jerin wuraren da suke cikin haɗari, daga nan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ghana, tare da ƙwararrun ginin ƙasa na cibiyar CRAterre ta Faransa da maginan garin, suka kankare simintin suka mayar da laka.

An ceci bango, amma mafi girman abin da malaman fadar Gwanja suka bari a takarda yake. Alhaji Muhammadu ɗan Mustafa ya harhaɗa Kitab Ghanja wajen 1751, aka yi masa ƙari a 1764, kuma a cikinsa ne ake samun jerin sarakuna da limamai da yaƙe-yaƙe shekara bayan shekara bisa ƙirgen Hijira, har da rasuwar Sarkin Asante Opoku Ware a 1750. Da wannan littafi ne masana tarihi Ivor Wilks da Nehemia Levtzion da Bruce Haight suka daidaita shekarun tarihin yankin a aikin da suka wallafa a 1986. Sunan malaman ya kai Kumasi, inda Turawan Ingila Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820 suka tarar da Musulmi suna rubuta wa Sarkin Asante Osei Bonsu wasiƙu da layu. Wani ƙunshin takardu daga wannan zamani, mafi yawansu laƙani da addu'o'i, tare da wasiƙun da limaman Gwanja suka aika Kumasi, yana ajiye a ɗakin karatun masarautar Denmak a Kofenhegin.

Ƙarshen ƙarni na 19 bai yi wa waɗannan gidaje daɗi ba. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa malamai da 'yan kasuwa, cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Karachi ya rayu har 1934. Rundunar mayaƙi Samori ta ɓarnata yammacin Gwanja bayan 'yan shekaru. Turawan Ingila kuma suka mayar da Tamale cibiyar mulkin arewa a 1907, aikin rubutu ya koma hannun akawu mai Turanci. Daga baya wa'azin gyara, irin wanda malam Afa Ajura ya kafa makarantar Anbariyya a kansa a Tamale, ya sa mutane da yawa suka ƙyamaci laya da laƙani. Malami yana da haƙƙin sukar abin da yake ganin bidi'a ne, sai dai takardar da aka rubuta laƙani a kanta sau da yawa ita ce take ɗauke da sunan marubuci da malaminsa da garinsa da shekara, kuma idan ta lalace wannan sani ya tafi.

A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana a Legon ta bi gidajen malamai, da jagorancin Alhaji Usmanu Boyo, tana aron littattafai, ta ɗauki hotonsu, ta mayar wa masu su. Aikin ya kai fiye da shekara 50 yanzu, kuma dattawan da suka san abin da yake cikin gafakokin kakanninsu suna ƙarewa. Jami'ar Nazarin Ci Gaba da aka kafa a Tamale a 1992 tana kusa da waɗannan gidaje, saboda haka ya kamata ta haɗa kai da fadar Yagbonwura, babban sarkin Gwanja, da limaman Larabanga da Buipe da Kpembe, a ɗauki hoton abin da ya rage da yardar magada, a rubuta jerinsa, a kuma bar asalin takardun a hannun masu su.