Asibitin Kolofata da shekaru 24 na Dakta Ellen Einterz

Wanda ya tashi daga Garwa ya nufi arewa, sai ya wuce Marwa, ya kai Mora, sannan ya karkata yamma wajen iyakar Najeriya kafin ya isa Kolofata. Ƙaramin gari ne a yankin Mayo-Sava, can ƙuryar arewacin Kamaru, kusa da duwatsun Mandara. Barebari ne suka fi yawa, ga Mandarawa da Larabawan Shuwa da Fulani da mutanen kan dutse, Hausa kuma tana ci a kasuwa. Daga nan zuwa Kerawa ko Banki ba wata tafiya ba ce. Damina gajera, rani dogo, kuma cututtukan yankin kowa ya san lokacinsu: zazzaɓin cizon sauro da damina, sanƙarau da bazara, kwalara idan ruwan sha ya gurɓace.

A shekarar 1990 wata likita Ba'amurkiya mai suna Ellen Einterz ta sauka a garin. Ba baƙuwar ƙasashenmu ba ce. Ta yi shekara biyu a Nijar a tsakiyar shekarun 1970 ƙarƙashin shirin sa-kai na Peace Corps, ta karanta likitanci a jami'ar McGill ta Kanada, sannan ta shugabanci wani asibitin mishan na Katolika a jihar Binuwai. Abin da ta tarar a Kolofata, kamar yadda ta rubuta daga baya, ƙaramin ɗakin shan magani ne da talaka ke tsoron shiga: ana maimaita allura ba tare da an dafa ta ba, ana tatsar marar lafiya, magani kuma sai mai hali.

Ya kamata a yi wa wannan hali adalci, domin ba Kolofata kaɗai ba ce. Tattalin arzikin Kamaru ya durƙushe tun tsakiyar shekarun 1980. A 1993 gwamnati ta zaftare albashin ma'aikata, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, farashin maganin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo. Tsarin da aka amince da shi a Bamako a 1987 ya ce majinyaci ya riƙa biyan wani abu don kada kantin magani ya ƙare. Tsari ne mai ma'ana a takarda, amma a ƙauyen da manomi ba ya ganin kuɗi sai bayan kaka, komai ya dogara ga amanar wanda ke riƙe da akwatin kuɗin da mabuɗin kantin. A cikin wannan ƙunci aka fara gina asibitin Kolofata.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta ware gefe ta kafa nata asibitin ba. Cikin tsarin gwamnati ta shiga, da takardunsa da jinkirinsa, ta zama shugabar kiwon lafiya ta gundumar. Tare da abokiyar aikinta Myra Bates da ma'aikatan jinya 'yan ƙasa, ana ƙara ɗaki bisa ɗaki da gudummawar masu taimako daga waje, har ɗakin shan maganin ya zama asibitin gunduma mai gadaje sama da 100, da ƙananan cibiyoyi a ƙauyukan kewaye. Ƙungiyar likitocin ido ta Faransa, Ophtalmo Sans Frontières, wadda ke da cibiya a Lagdo kusa da Garwa, ta buɗe sashen ido a Kolofata. Marar lafiya bai san iyaka ba, don haka mutanen Borno ma suka riƙa tsallakowa.

Ba ta tsaya ga duba marasa lafiya ba, ta riƙa rubuta abin da take gani. A 1994 mujallar likitoci ta Lancet ta buga bincikenta kan cire beli da ake yi wa yara a arewacin Kamaru, al'adar da mu ma muka sani a hannun wanzamai. A 2003 ita da Bates suka fitar da rahoto kan mutum 134 da kububuwa ta sara. Duk manomin yankin ya san wannan maciji da ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa. Dafinsa yana hana jini daskarewa. Mutum zai zo da ƙafa a kumbure yana magana lafiya lau, can sai a ga dasashinsa yana tsattsafo da jini, tsohon miki ya buɗe. A asibitin karkara gwajin ba ya buƙatar na'ura: a ɗebi jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalba, a ajiye minti 20, a karkata ta. Idan jinin ya zubo kamar ruwa, dafi ya shiga, sai a nemi allurar kashe dafi, in akwai ta. Irin wannan ciwo na masu noma da kiwo ne, manyan asibitocin birni ba su cika ganinsa ba, kuma da ba a sami mai ƙirgawa a wuri irin Kolofata ba, da babu wanda zai san girmansa.

Aikin da ya kai sunan garin duniya shi ne yaƙi da amosanin ido. Cuta ce ta ƙarancin ruwa da yawan ƙuda. Tana kama yaro tun yana ƙarami, ta warke ta dawo, har cikin fatar ido ya yi tabo, gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar. Za ka ga tsohuwa da matsefata rataye a wuya tana tsige gashin ɗaya bayan ɗaya don ta sami sauƙi, ƙarshenta makanta. A farkon 2008 aka gwada wani abu da ba a taɓa yi wa gunduma guda ba: ɗiga maganin azithromycin a idon kowa da kowa, sama da mutum 100,000, safe da yamma har kwana uku. Ka ƙiyasta abin da wannan ke nufi. Sai an shiga kowane gida sau shida, an shawo kan maigida, an bi makiyayi ruga, an kama yaron da ke gudu. Kafin aikin, kashi 31.5 cikin 100 na ƙananan yara ne ke ɗauke da cutar. Bayan shekara guda ya sauko zuwa 6.3, bayan zagaye na biyu ya koma 3.1. Maganin daga Faransa ya zo, amma ƙofofin gidaje sun buɗu ne saboda mutanen da suka ƙwanƙwasa sanannu ne, daga asibitin da aka yi shekara 18 ana gwada amanarsa.

Sannan rikicin Boko Haram ya tsallako iyaka. A Fabrairun 2013 aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da gandun dajin Waza. A Nuwamban shekarar aka ɗauke wani limamin coci Bafaranshe, Georges Vandenbeusch, a Nguetchewe. Ranar 27 ga Yulin 2014 mahara suka afka wa Kolofata kanta, suka kashe mutane, suka tafi da matar mataimakin firaminista Amadou Ali, wanda ɗan garin ne, da lamidon garin Seini Boukar Lamine. Sai a watan Oktoba aka sako su. A Janairun 2015 aka sake kai hari kan sansanin sojojin garin, daga baya 'yan ƙunar baƙin wake suka biyo, ƙauyukan bakin iyaka suka watse, 'yan gudun hijira suka cika gari.

A cikin wannan tashin hankali zaman Dakta Einterz ya ƙare, bayan shekara 24, domin Ba'amurkiya a bakin iyakar Borno ta zama abin farauta, zamanta kuma haɗari ne ga duk wanda ke kusa da ita. Ba ta ajiye aiki ba. Ta wuce Laberiya ta jagoranci aikin jinya a wata cibiyar masu cutar Ebola a annobar 2014 zuwa 2015, daga nan ta koma jihar Indiana tana duba 'yan gudun hijirar da suka isa Amurka. A 2018 ta fitar da littafi kan rayuwa da mutuwa a Kolofata, wanda maɗaba'ar Jami'ar Indiana ta buga.