Yadda ƙishirwa ta ci yaƙi a Hattin

Yau za mu koma baya, mu tafi ƙasar Falasɗinu.

A shekarar 1095, Paparoma ya yi kira a garin Kilermon na Faransa. Ya ce Kiristoci su je su karɓe birnin Ƙudus. Suka ɗinka gicciye a rigunansu, suka kama hanya. A 1099 suka ci birnin, suka kashe Musulmi da Yahudawa masu yawa. Suka riƙe shi shekara 88.

Sai ga Salahuddin. Shi Bakurde ne, yana sarautar Masar da Sham. A watan Yuli na 1187 ya kewaye garin Tabariyya, a bakin wani babban tabki. Sarkin Kiristoci, Gi, ya yi sansani a Saffuriyya, inda ruwa yake a wadace. Wani hakiminsa, Remon, ya ce kada a motsa, ko da yake matarsa tana cikin garin da aka kewaye. Sarki bai ji ba.

Ran 3 ga wata suka tashi. Tafiyar kamar kilomita 25 ce, cikin rana, ga sulke mai nauyi. Ku da kuka san tafiyar bazara, kun san abin da ke biyo baya. Mutanen Salahuddin suka tare hanyar tabki. Kiristoci suka kwana babu ruwa kusa da ƙauyen Hattin. Aka cinna wa busasshiyar ciyawa wuta, hayaƙi ya rufe su. Ran 4 ga wata rundunar ta watse, aka kama sarki.

Salahuddin ya miƙa wa Gi ruwa mai sanyi. A al'adarsu, wanda ka kama, in ka shayar da shi, ransa ya tsira. Gi ya sha, ya miƙa wa Reno, mutumin da ya tare ayarin fatake lokacin sulhu. Salahuddin ya ce ba shi ya ba Reno ruwan ba. Ya sare shi da hannunsa. Gi kuwa ya rayu.

Ran 2 ga Oktoba, Ƙudus ta miƙa wuya. Wannan karon ba a yi kisan gilla ba. An sa fansa: namiji dinari 10, mace 5. Amma kada ku ɗauka kowa ya fita. Dubban talakawa da ba su iya biya ba sun zama bayi.