Harsunan gida a Gure da matsayin Ingilishi

Gure, babban garin gundumar da ke gabas da Damagaram a kan hanyar Difa, tsohuwar cibiyar masarautar Muniyo ce. Harshen asali na yankin shi ne Barbarci, musamman karin Mangawa, sai na Dagara a wajen Kutus da Kelle. Fulani makiyaya suna magana da Fulatanci, Tubawa da suka fi yawa a arewa, wajen Tasker, da Tubanci, akwai kuma gidajen Buzaye da na Larabawa.

Hausa ce ke haɗa su duka a kasuwa, a tasha da wajen wa'azi. A cikin gari ba abin mamaki ba ne a ji kaka ta yi wa jika magana da Barbarci, shi kuma ya mayar mata da Hausa. A karkara Barbarci bai ja da baya haka ba.

Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, ciki har da Hausa, Barbarci, Fulatanci, Tubanci, Buzanci da Larabci, Faransanci kuma shi ne harshen hukuma. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya canza tsarin: Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki.

A nan sai a yi hattara da kalma. Idan mutumin Gure ya ce ɗansa ya iya "turanci", galibi Faransanci yake nufi, saɓanin abin da ɗan Kano zai fahimta.

A makarantun gwamnati yaro ba ya haɗuwa da Ingilishi sai ya shiga kolej, a ajin siziyam, kuma ana jarraba shi a birbe da bak. Kafin nan ya riga ya ɗauki harshen gida, da Hausa, da Faransancin lakol, sau da yawa har da Larabcin makarantar allo. Ingilishi ya zama na huɗu ko na biyar, ƴan awoyi a mako, kuma da an tashi daga aji ba wanda zai yi hira da shi. Wanda bai wuce firamare ba, bai taɓa karanta shi ba ke nan.

Wasu na zaton kusanci da Najeriya zai cike giɓin. Ba haka ba ne: dillalin dabbobi ko mai kanwa da ya je Nguru ko Gashuwa, da Hausa da Barbarci yake ciniki. Waɗanda suka ƙware sosai yawanci malaman darasin ne, da waɗanda suka yi karatu a Najeriya ko Gana. Su ne ke da fifiko idan ƙungiyoyin agaji na yankin tafkin Cadi suka nemi ma'aikaci mai Ingilishi, ko aka buɗe gurbin karatu a waje.