Jane Goodall da Biran Dajin Gombe

Jane Goodall (1934–2025) Baturiyar Ingila ce da ta yi suna wajen nazarin cimfanzi, wato baƙin birin nan marar wutsiya wanda ke cikin dabbobin da suka fi kusanci da ɗan Adam a halitta. An haife ta a Landan ranar 3 ga Afrilu, 1934. Ba ta samu shiga jami'a ba bayan sakandare, sai ta koyi aikin sakatariya. A 1957 ta tafi Kenya, inda ta haɗu da Louis Leakey, masanin ƙasusuwan mutanen da. Shi ya ga cewa wadda ba a cusa mata ra'ayin malamai ba za ta fi kallon dabba da idonta, sai ya tura ta nazarin cimfanzi.

Ranar 14 ga Yuli, 1960 ta sauka Gombe. Wannan ba Gomben Nijeriya ba ce, wani ɗan daji ne mai tuddai a bakin tafkin Tanganyika, a ƙasar da ake kira Tanzaniya yau. Hukumomin mulkin mallaka sun ƙi yarda budurwa ta zauna daji ita kaɗai, dole mahaifiyarta Vanne ta raka ta.

Watanni biran suna hango ta su tsere. Ba ta bi su ba, ta riƙa zama a kan tudu da tabarau mai jawo nesa har suka gaji da gudu. Kafin shekarar ta ƙare ta ga wani namiji mai furfura a haɓa, wanda ta sa wa suna David Greybeard, yana zura tsinken ciyawa cikin suri, ya zaro shi da gara a manne, ya lashe. Ta kuma ga ana zage ganyen reshe don a yi wannan aiki. A lokacin masana sun tsaya a kan cewa mutum kaɗai ke ƙera kayan aiki, sai ga biri ya rushe maganar. Ta gano suna farauta suna cin nama.

Sa wa dabba suna maimakon lamba ya jawo mata suka a Jami'ar Kambirij, wadda duk da haka ta karɓe ta karatun digirin digirgir ba tare da digirin farko ba. Sukar da ta fi nauyi ita ce ta ayaba: ta riƙa ajiye wa biran ayaba don su matso, wasu masana kuwa suka ce hakan ya ƙara musu faɗa. Daga 1974 zuwa 1978 garken biran Gombe da ake kira Kasakela ya yi ta kai wa wani garken da ake kira Kahama hari har ya ƙarar da mazansa. Abin ya girgiza ta, domin da ta ɗauka biran sun fi mu kirki, amma ta rubuta shi yadda ya faru.

Ta kafa cibiya mai sunanta a 1977. Wani taron masana a Chicago a 1986, inda aka nuna yadda dazuzzukan Afirka ke ƙarewa da halin da birai ke ciki a ɗakunan gwaji, shi ya fitar da ita daga daji. A 1991 ta fara shirin matasa na Roots & Shoots a Darussalam. A 1994 aka soma shirin TACARE a ƙauyukan da ke kewaye da Gombe, bisa fahimtar cewa manomin da ba shi da itacen girki ba zai bar wa biri daji ba; shirin ya ƙunshi dashen itatuwa, ƙananan basussuka da karatun 'ya'ya mata. Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta jakadiyar zaman lafiya a 2002.

Ta rasu ranar 1 ga Oktoba, 2025 a Kalifoniya tana da shekara 91, tana tsakiyar rangadin laccoci. Binciken Gombe bai tsaya ba, kuma akasari 'yan Tanzaniya ne ke bin biran kullum.