Asalin Rana da Duniyoyinta

Ranar da ke fitowa a kan Dambam kowace safiya tana da mafari. Masana taurari sun ce kimanin shekara miliyan 4,600 da suka wuce babu ita, babu duniyar nan, sai wani makeken gajimare na iska da ƙura. Nauyinsa ya sa ya rufta ciki, kuma da yake yana juyawa sai ya baje ya zama faifai, da jaririyar rana a tsakiya. A 2014 na'urar hangen sama ta ALMA da ke ƙasar Cile ta ɗauko hoton irin wannan faifai kewaye da tauraron HL Tauri.

To, amma nauyi kaɗai ba zai ciyar da jaririyar ba. Abin da ke kewayawa da gudu ba ya faɗawa tsakiya, kamar dutse a majajjawa, sai an rage masa ƙarfin juyi. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce maganaɗisu ne ya rage shi. A 1991 Steven Balbus da John Hawley suka nuna cewa ko rarraunan maganaɗisu yana ɗaure iskar ciki mai sauri da ta waje mai nawa. Ta ciki ta rasa ƙarfi ta gangara cikin tauraro, ta waje ta karɓa ta ƙara nisa.

Masu ja suna da magana. Maganaɗisu ba ya kama iskar da ba ta ɗauke da lantarki, tsakiyar faifan kuwa sanyi ne da duhu, kamar yadda Charles Gammie ya yi bayani a 1996. Gaskiya ne, sai dai hasken tauraron yana dukan saman faifan yana sa masa lantarki, daga nan maganaɗisu ke cilla wani kason iskar waje, ya tafi da ƙarfin juyin. Ga kuma shaida ta zahiri: a 2014 aka auna ƙwayoyin dutsen Semarkona da ya faɗo daga sama a Indiya a 1940, aka tarar sun riƙe alamar maganaɗisun zamanin da rana ke jaririya, ƙarfinsa kusan daidai da na duniyarmu a yau.

Ƙurar da ta saura ita ta dunƙule ta zama duniyoyi da duwatsun da ke yawo a sararin sama. Ɗaya daga cikinsu, mai cike da ƙarfe, ya faɗo a Gujba ta Jihar Yobe a 1984.